Baƙon da Ya Zo da Ƙafa

Ƙanƙara,
Litinin, 9 ga Agusta, 1976.

Zuwa ga aminina Malam Zailani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Barakatu da yaran duka. Yaya aikin asibiti, yaya ruwa a Zariya? Mu nan damina ta zauna sosai, gero ya fid da kai, sai dai hanyoyi sun lalace. In ka tambayi lafiyarmu, sai godiya ga Allah.

Albishirinka. Suwaibatu ta sauka shekaranjiya Asabar da hantsi, can gidansu a Sabuwa inda ta je goyon ciki. Namiji ne. Jiya ƙanen surukina ya kawo mani labari. Shekara talatin da uku a duniya, Zailani, sai bana na ga jinina.

Suna Asabar mai zuwa, kuma kada ka ce mani kana bakin aiki. Ku masu jiran ƙarshen wata kullum da uzuri. In mota ce matsala, ni da kaina zan zo in ɗauke ka a Fijo, ka ji yadda sabuwar kujera take. Ka tuna ranar da na bar makaranta daga aji uku, hedimasta ya ce ƙarshena dako a tasha? To rabin maganarshi ta tabbata, dako kam na yi. Amma yau duk azuzuwan da gwamnati ke ginawa daga nan har Faskari, yashina ne da tsakuwata, tifofina ke zubawa. Na ɗaure raguna biyu da bajimi. Ina so mutanen Sabuwa su daɗe suna labarin wannan suna.

Akwai wata 'yar magana, ba wani abu ba ce, amma tunda fanninka ne bari in tambaya. Wanda ya kawo labarin ya ce baƙon da ƙafa ya zo, ba da kai ba. Na ɗan matsa mashi, sai ya ce shi dai abin da ya ji mata na faɗi, jiki ya fito kai ya tsaya, an jima ana fama. Da ya fito kuma bai yi kuka ba, har an fara salati, sai da Goggo Hajaratu ta daɗe a kanshi. Goggo ƙanwar surukina ce, ita ce ungozomar unguwarsu. Ya ce daga baya dai ya yi kukan, ƙarami, kamar na ɗan kyanwa.

Wannan yana da wata illa ne? Ni na san ana haihuwa ta ƙafa, yara su tashi ƙalau. Akwai wani direbana ma an ce haka ya zo, ga shi ƙato, buhun dawa yake ɗagawa shi kaɗai. Tambaya ce kawai. Tun jiya dai na kasa cin abincin kirki, halan murna ce.

Gobe zan je barka. Ka ba Gide direban Zariya amsa, shi zai miƙo maka wannan. Ka gaishe mani da Barakatu, ka ce ta fara shirin zanen suna.

Naka har kullum,
Alhaji Almu Mairuwa.


Mairuwa,
Talata, 10 ga Agusta, 1976.

Aminina Zailani,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun wuni lafiya kai da iyali. Ban jira amsarka ba na sake rubutowa, ka yi haƙuri. Daga gidan Inna nake rubutun nan, yanzu aka yi la'asar.

Na je Sabuwa. Na tafi da tifa cike da itacen wankan jego, ga kanwa, ga kayan yaji, ga ƙauri. Unguwa ta fito kallo, ni kuwa har da gyara hula. Aka shimfiɗa mani tabarma a zaure, muka zauna da surukina Malam Audi tun hantsi har azahar.

Zailani, zauren nan ba shi da nisa da ɗakin mai jego. Na ji daka, na ji awaki, na ji mata 'yan barka suna shiga suna fita. Ko sau ɗaya ban ji kukan jariri ba. Kunnena na cikin gida, bakina na hirar taki da farashin auduga. Ka san ɗan fari, uba ba ya tambaya, ba ya kallo, balle ya ɗauka. Iyakar abin da na iya cewa shi ne yaya mai jego. Malam ya ce lafiya lau. Shi ke nan.

Da aka kawo tuwo, na ɗaga faifan da aka rufe kwanon miya, sai ga 'yar takarda a manne a ƙasanshi, an yago ta daga littafin makaranta. Ka san Suwaibatu ta gama firamare. Ban san wadda ta taimaka mata ta sa ba. Na dunƙule ta a hannu, sai da na zagaya kama ruwa na karanta. Ga abin da ta rubuta, ban ƙara ban rage ba:

"Hannun dama ba ya motsi. Ba ya kama nono. Jiya ya miƙe sau biyu, ido ya juye. Jibi wanzami zai zo cire belu, maɗori kuma bayanshi. Ina jin tsoro."

Babu gaisuwa, babu suna, ko wanda take nufi ba ta iya rubutawa ba. Yarinyar da ko a gabana ba ta taɓa cewa tana da ciki ba. Ka duba irin abin da zai sa ta ɗauki fensir.

Ka san abin da na yi? Na koma na zauna na ci tuwon. Na yi godiya, na yi sallama, na shiga mota. Ni Almu, da nake shiga ofishin injiniya ba sallama.

Na biyo ta nan wurin Inna ko za ta je ta yi masu magana, mace da mace. Ta ce jariri ba ya fita kafin suna, ko na sarki ne. Ta ce belu ne ya tare mashi maƙogwaro, ni ma an cire mani, na mutu? Ta ce hannu kuwa maɗori ya san aikinshi. Da na ƙara magana sai ta ce, "Almu, kada ka ja a ce ɗan dako ya samu duniya ya zubar da kunya. Mu talakawa ne, amma ba a taɓa zagin gidanmu da rashin ta ido ba."

Yanzu bari in faɗa maka abin da na ɓoye jiya. Wata biyu da suka wuce na kai Suwaibatu awo Funtuwa. Gaskiya ba don awon ba, don a ga matar Almu ta sauko daga mota ne. Sista ta duba ta, sannan ta sa aka kira ni ciki. Ta ce ɗan a zaune yake, kai sama. Mai yiwuwa ya juya, mai yiwuwa ya ƙi. Ta ce mu dawo bayan sati biyu, kuma ko yaya ake ciki a asibiti za ta haihu, don wani lokaci kai kan maƙale, sai an yi aiki. Da na ji kalmar aiki sai raina ya ɓaci. Na ce uwata tara ta haifa a ɗakin kara, ba wanda ya tsaga ta. Na ce ina da mota, in abu ya taso awa ɗaya ta ishe ni. Ba mu koma ba.

Da lokacin goyon ciki ya yi na kai ta Sabuwa, ban faɗa wa kowa ba. Ta yaya zan zauna gaban surukai in yi masu bayanin yadda ciki ya kwanta? Ita kaɗai na ce wa da zarar ta ji motsi ta aiko. Na manta haihuwar fari ce. Wace yarinya ce za ta buɗe baki gaban iyayenta ta ce tana naƙuda, a kira mijinta? An ce tun ranar Juma'a take fama, tana shara tana cije leɓe, ba wanda ya sani sai da faya ta fashe. Motar tana Ƙanƙara ana wanke ta.

Ka faɗa mani gaskiya, kada ka lallashe ni. Miƙewar nan mece ce? Hannun karaya ce? A bar wanzami ya yi aikinshi ko a hana? Yanzu zan kai wa Gide wannan a tashar Funtuwa, gobe kuma a can tashar zan zauna har ya dawo.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida gida.

Naka,
Almu.


Asibiti, Funtuwa,
Juma'a, 13 ga Agusta, 1976.

Ɗan'uwana Zailani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Barakatu da yara, da fatan kuna lafiya. Allah ya saka maka da alheri. Yana da rai. Na fara da wannan don na san shi kake jira.

Takardarka ta same ni Laraba bayan la'asar. Layi huɗu, ko gaisuwa babu, ban taɓa ganin ka yi rubutu haka ba. Kada a yanka, kada a ɗaure, a kawo shi asibiti yau ba gobe ba. Na tashi nan take. Na wuce Ɗandume kenan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kusa da Sabuwa akwai rafin da aka sa wa kwalbati bara, na tarar ruwa ya tafi da ita. Dole na kwana a mota a wannan gefe.

Da gari ya waye ruwan ya ragu zuwa ƙirji. Na tuɓe babbar riga na bar ta a mota, na shiga. Takalmi ɗaya ya tafi, na yar da ɗayan. Mil biyu na yi a ƙasa. Mutanen da suka fito kallon tifata ranar Talata, su ne suka ga na wuce da singileti da taɓo har gwiwa, ba wanda ya gane ni da farko.

A ƙofar gida na ga keken wanzami a jingine. Malam Audi na zaure yana lazimi. Na yi sallama ban tsaya ba, na wuce shi, na shiga cikin gida. Tun da na auri Suwaibatu ƙafata ba ta taɓa wuce zauren nan ba. Mata suka watse, wasu na neman mayafi, wata ta kifar da ƙwaryar kunu. Wanzami ya riga ya buɗe zabira, ya jera kayanshi a kan fata.

A nan na fara ganinshi, a kan ƙafafun Goggo. Zailani, ɗan mitsitsi ne. Leɓenshi ya bushe. Hannun hagu a dunƙule a ƙirji kamar na kowane jariri, na dama kuwa a miƙe a gefe kamar tsumma, tafin ya juya baya, kamar mai karɓar abu a ɓoye. Na durƙusa na ɗauke shi. Ban ma san yadda ake riƙewa ba.

Goggo ta ce, "La'ilaha illallahu! Alhaji, taɓuwa ka yi? Ɗan fari ne fa, gaban surukanka!" Wanzami ya ce shi shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa ganin irin wannan ba, wai boko ne ko kuɗi? Sai ga Malam a tsaye a bayana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Almu, nan gidana ne." Na ce, "Baba, na sani. In na dawo ka yi mani hukuncin da ka ga dama." Ban iya kallon fuskarshi ba.

Abin da ban zata ba, sai Suwaibatu ta fito daga ɗaki tana dafa bango, ta yafa zane, ta zo ta tsaya kusa da ni. Ba wanda ya kira ta. Uwarta na kuka tana cewa ruwan wanka na kan wuta, in ta bar wanka sanyi zai kama ta ta kumbura. Ko waiwaye ba ta yi ba. Wani maƙwabci ya ba mu jaki ta hau. Mun yi nisa kaɗan sai ga Goggo a bayanmu da ƙunshin tsummoki a ka, tana faɗa tana cewa ita ba don ni ta zo ba, ba za ta bar mai jegon kwana biyar a hannun mahaukaci ba ne.

A rafi wasu manoma suka taimaka suka haye da matan. Ni na ɗaga shi sama da kaina na shiga. Ina tsakiyar ruwa na ji ya sandare a hannuna. Ya miƙe kamar itace, yana karkarwa, ba kuka. Ba na ganin fuskarshi, ba na iya sauke shi, ruwa na jan ƙafata. Na yi dako, na kwana a tasha, na taɓa kifewa da tifa a hanyar Sheme, ban san tsoro ba sai ranar. Ban san abin da na karanta ba. Da na kai gaɓa ya saki, na sa kunne a ƙirjinshi na ji yana bugawa.

Da muka iso, sistar nan ce a bakin aiki. Ta dube ni tun daga ƙafa har kai, ta ce, "Alhaji mai mota." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta karɓe shi ta shige da sauri. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Likitan Ba'indiye ne, da ɗan Turancina na aji uku muka fahimci juna, sista na cike mani. Ya ce miƙewar daga jinkirin numfashi ne lokacin da kai ya tsaya, ƙwaƙwalwa ta wahala. Ga yunwa kuma, kwana biyar ba abin kirki a cikinshi. Ya ce ba ruwan belu, da an yanka a wannan hali da jinin kaɗai ya isa ya shaƙe shi. Hannu kuma ba ƙashi ba ne, jijiyar da ta sauko daga wuya ce ta ja, ɗori ba ya kai wa nan. An yi mashi allura, an sa mashi siririyar roba ta hanci, Suwaibatu na tatsa ana ɗura mashi. Na tambaya zai rayu? Ya ce in sake tambayarshi bayan kwana uku.

Tun jiya sau ɗaya ya miƙe. Ina zaune a baranda, duk takun da na ji sai in miƙe tsaye.

Gobe suna. Na aika Sabuwa a yanka ragunan, a raba, Malam ya zaɓi sunan da ya so. Bai aiko da amsa ba. Kada ka je can. In za ka samu dama, nan za ka zo.

Naka cikin damuwa,
Almu.


Funtuwa,
Litinin, 23 ga Agusta, 1976.

Aminina Zailani,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan ka koma lafiya, ka tarar da iyali lafiya. Zuwan da ka yi ranar Lahadi waccan ba zan manta da shi ba. Ka ce wa Barakatu dambun ya iso, mai jego ta ci ta yi santi.

Bayan tafiyarka da kwana biyu ya kama nono. Ranar Alhamis aka cire robar. Yau kwana takwas bai miƙe ba. Likita ya ce gobe za a sallame mu. Hannu dai yana nan yadda ka bar shi.

An yi suna ba mu nan. Malam ya sa mashi Bilyaminu. Ƙanenshi ne ya kawo saƙon, ba wata gaisuwa a haɗe.

Akwai abin da ya faru da nake so ka sani, don kai ma ka ji ni ina zagin Goggo a baranda, ina cewa ita ta ja mashi hannu ta lalata. Ranar Laraba sista na koya mana yadda za a riƙa motsa hannun, a ɗaga kafaɗa, a lanƙwasa gwiwar hannu, a juya tafi, sau biyar a wuni. Cikin magana sai ta ce ai tun wata biyu kafin haihuwa ta gaya mani a zaune yake. Goggo ta saki hannun yaron ta juyo.

Ta ce, "Ka sani?" Na koma kallon hannun yaron. Ta ce, "Alhaji, tambayarka nake, ka sani?" Na ce na sani.

Ba ta yi faɗa ba, Zailani, ita da ba ta gajiya da faɗa. Ta ce ita shekara arba'in tana karɓar haihuwa, ta san na zaune ba na ɗaki ba ne. Bara mata biyu ta sa aka kawo nan tun kafin naƙuda. Ta ce da Suwaibatu ta bari ta taɓa cikin ma da ta gane, amma 'yar fari ko kusa ba ta yarda a taɓa ta. Ta ce ranar, sai ƙafa kawai ta gani. Kai ya maƙale, igiyar cibiya ta daina bugawa a hannunta, ta san in ba ta ja ba gawa za ta fitar. Ta ja. Ta ji lokacin da kafaɗar ta saki. Da ya fito shuɗi ne, ta sa baki ta tsotse hancinshi, ta yi ta hura mashi iska har ta ga duhu-duhu. Ta ce tun ranar ba ta barci, tana ganin ita ta kashe mashi hannu. Sai ta ce, "Kalma ɗaya, ɗan nan. Ko Inna ka aiko ta raɗa mani."

Sista ta ce da ba don hurawar nan ba da ba mu zo nan ba ma. Na durƙusa gaban Goggo a tsakiyar ɗakin, mata na kallo.

Ranar Juma'a na je Sabuwa na faɗa wa Malam komai a zaure. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce shigar da na yi mashi gida ya yafe tun ranar. Ɗayar kuwa, ya ce ba shi zan roƙa ba, in jira yaron ya girma.

Na tambayi likita hannun zai dawo? Ya ce wasu kan dawo, wasu ba sa dawowa, wata uku za su nuna. Na ce kan fa? Ya ce wannan sai an ga zamanshi, an ga tafiyarshi, an ji bakinshi. Wato shekara biyu ina kallo ina jira.

Ƙanƙara za mu wuce gaba ɗaya, har da Goggo. Ta ce ba wanda zai motsa hannun nan sai ita. Azumi ya ƙarato, Allah ya kai mu. Ka gaida kowa.

Naka,
Almu.


Ƙanƙara,
Alhamis, 11 ga Nuwamba, 1976.

Ɗan'uwa Zailani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Barakatu da yara. Yaya sanyi ya fara a wurinku? Nan ana ta yankan dawa, auduga ta fashe. Ka yi haƙuri da shiruna, ba abin da zan rubuta ne sai jira.

Wata uku sun cika ranar Lahadi. Jiya muka koma Funtuwa.

Bari in fara da mai daɗi. Yana riƙe wuyanshi. In na wuce yana bi na da ido, in Goggo ta yi mashi wasa yana dariya har da sauti. Bai sake miƙewa ba. Likita ya tafa hannu a bayanshi ya zabura, ya ce wannan alama ce mai kyau, amma kada in ɗauka an gama.

Hannun ne. Yatsu suna kamawa, in ka sa mashi ɗan yatsa yana riƙewa, ba da ƙarfi ba. Gwiwar hannu ba ta lanƙwasawa da kanta, kafaɗa ba ta ɗagawa. Likita ya ɗaga ya saki sau uku, sau uku yana faɗuwa. Ya yi rubutu a takarda. Ya ce ya so a ce gwiwar ta fara motsi zuwa yanzu. Ya ba mu takarda zuwa wurinku, ya ce akwai masu gashin jijiya da likitan da ya fi shi sanin wannan.

Sau biyar a wuni ba mu taɓa fashi ba, har ranar Salla. Goggo na yin uku, ni ina yin na safe da na la'asar. Direbobina sun san in lokaci ya yi ko injiniya ne a gabana tashi nake. A kasuwa an sa mani suna, wai Alhaji mai reno. Inna ta yi wata guda ba ta yi mani magana ba, yanzu ta sauko, har ta aiko da man shanu a riƙa shafa mashi.

Abin da ke hana ni sukuni, hannun dama ne, Zailani. Da shi zai ci tuwo cikin mutane, da shi zai gaisa, da shi zai riƙe alƙalami. Ina kallon yara a layi suna miƙa wa manya hannu, sai in ga nawa tsaye yana miƙa hagu ana buge mashi. Wata rana kuma zai tambaye ni yadda aka yi. Na fara shirya amsar, kullum sai ta ƙi zama.

Za mu taso Litinin da sassafe, in Allah ya yarda, ni da Suwaibatu da Goggo da Bilya. Abu ɗaya nake roƙonka. In likitan ya yi Turancin da ya fi ƙarfina, ka fassara mani duka, kada ka rage don ka tausaya mani. An taɓa faɗa mani gaskiya a ɗakin awo na ƙi ji. Wannan karon ko mai ɗaci ce ina so.

Ka jira mu a bakin babbar ƙofa wajen ƙarfe goma, don ban san kan asibitinku ba. Na rame, amma ba za ka sha wuyar gane ni ba. Duk cikin taron, ni ne namijin da ke saɓe da jariri.

Allah ya bar zumunci, ya raya mana zuriya.

Naka,
Almu, baban Bilya.